Farin Kwanon Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu a ƙarshen daminar nan, gero ya nuna a gona amma ba a fara girbi ba. Saƙo ya same ni a Illela ina cikin aji. Na sallami yara, na nemi motar da ta sauke ni a Dogarawa, daga nan na ƙarasa ƙauyenmu a ƙasa. Ko da na isa an riga an kai ta makwancinta.

Na zauna a tabarma kusa da Baba muna amsar gaisuwa, ina jin abin da kowa ke faɗa. Mata da ke wucewa cikin gida suna ta cewa baiwar Allah mai haƙuri. Da ba zaman makoki ba ne da na yi dariya, don wanda ya kira Gwaggo mai haƙuri bai taɓa shan bakinta ba. Wani dattijon Buzu ya zo a kan raƙumi tun daga wajen Tajaye, ya durƙusa, ya yi addu'a, ya ce tsohuwar nan ta taɓa hana 'ya'yansa shiga wata rijiya, ga su can da ransu suna kiwo. Ya tashi ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Sai tsohon mai yasa ya matso, wato shugaban masu haƙa rijiya da yashe ta a yankinmu, abokin marigayi mijinta. Ya shafa addu'a ya ce, "Allah shi jiƙanta. Mace ta mai zuciyar maza. Sai dai wanga kwano nata, shi yac cuce ta."

Jama'a suka gyaɗa kai. Raina ya ɓaci har na buɗe baki, Baba ya ɗora hannu a gwiwata, na haɗiye. Idon kowa kuma ya koma jikin katanga, inda ɗan Gwaggo guda ɗaya tilo, taubashina, yake zaune cikin yara yana tara ƙasa da tafin hannu. Mutum ne da furfura ta fara fito masa a gemu. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya yi masa murmushi, don bai san abin da ake gaishe shi a kai ba.

Maganar tsohon nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba na so a tuna da Gwaggo a matsayin tsohuwar da kwanonta ya yaudare ta.

Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar an aike ta. Ba ta iya zama hannu banza. In ka je gaishe ta za ta miƙo maka wake ka ɓare, ko da da rigar sallah ka zo. Ni da na yi lakwal, wato makarantar boko, har na zama malami, ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci a wajenmu, kuma da irin muryar da take faɗarsa ka san ba girmamawa ba ce. Abin da ta fi yawan faɗa shi ne ruwa ba ya tsami banza. In akuya ta ƙi ci, in jariri ya cika kuka, in maƙwabciya ta yi mata fara'ar da ta wuce kima, sai ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta shiga bincike. Mutane da yawa sun gaji da ita saboda wannan hali, ni ma a ciki.

Mijinta mai yasar rijiya ne, gadonsu ne tun kakanni. Ya mutu a ƙasan rijiya ana sabon samun mulkin kai. Kafin ya sauka an yi abin da aka saba, an zura fitila da igiya, ta kai ƙasa tana ci, aka ce lafiya lau. Ya sauka, bai daɗe ba aka ji shiru. Da aka fito da shi fitilar tana nan tana ci a gefensa. Mutane suka ce mutanen ɓoye ne, rijiyar tana da masu ita. Gwaggo ba ta musa ba, amma ba ta gamsu ba. Abin da ya tsaya mata a rai, yaya wuta za ta rayu a inda mutum ya mutu?

Ta yi iya ƙoƙarinta ta raba ɗanta da sana'ar. Ta saya masa jaki ya yi fataucin albasa, ya dawo. Da aka fara aikin siminti a Malbaza ta tura shi neman aiki, ya yi 'yan watanni ya gudo, ya ce ƙura ta ishe shi, shi a ƙasan rijiya yake jin daɗin ransa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga ranar da ya fara ɗaura igiya a ƙugu, Gwaggo ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. Abu ɗaya ne a gabanta safe da yamma, kada rijiya ta cinye mata ɗa kamar yadda ta cinye uban.

Ni ne na kawo mata maganar kwano, ba da niyya ba. Shekarar da na fara koyarwa, ina so in nuna wa yara darasin numfashi, ba ni da ko kwalba ɗaya ta kayan gwaji. A makarantar horon malamai na ga wani ruwa da ke sauya launi in an hura masa iska, aka kuma ce mana wasu furanni ma suna yi. Da na zo hutu sai na roƙi Gwaggo soborodo, wato zoɓo. Na jiƙa kaɗan a farin kwanon shanta har ruwan ya yi ja mai haske, na ɗauko ruwan tokar da take miya da shi na fara ɗigawa. Jan ya dushe, ya koma kore-kore.

Tana tsaye a kaina ta ce, "Wanga shi na karatun da anka kai ka ka yi? Kowace mace ta san haka. Sa ma miyar sure kanwa ka gani in ba ta sake kama ba. Matsa mata tsamiya ta koma ja."

Na ce ta dakata. Na ɗauko busasshen karan albasa mai rami a ciki, na tsoma, na yi ta hurawa. Ruwan ya yi ta ɓulɓuli, koren ya fara gushewa, ya yi shuɗi-shuɗi, sannu a hankali ja ya dawo. Gwaggo ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Mi kas sa ciki?"

"Ba komi, Gwaggo. Numhwashina na."

"Numhwashi na da tsami?"

Na ce iskar da mutum ke fitarwa daban take da wadda yake shaƙa, in ta shiga ruwa tana ba shi ɗan tsami, soborodo kuwa ba ya ɓoye tsami. Don in nuna mata na yi karatu, sai na ƙara da cewa irin wannan iska tana da nauyi, takan kwanta a wuri mai zurfi kamar ƙasan tsohuwar rijiya, kuma tana iya kayar da mutum tun fitila ba ta mutu ba.

Ban lura da abin da na faɗa ba sai da na ga fuskarta. Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta karɓi karan daga hannuna ta ce, "Sake haɗa shi. Ni za ni hura."

Kwanon nan bai ƙara zama na shan ruwa ba. Ta yi wata da watanni tana gwaji a bayan ɗaki, har ta fi ni sanin abin nesa ba kusa ba. Ita ta gano cewa sai an haɗa sabo a bakin rijiya, na jiya ba ya aiki. Ita ta gano cewa ruwan toka ɗigo-ɗigo ake sa shi, a tsaya daidai inda jan ya bari, don in ya yi yawa ko ka hura har ka suma ba zai sauya ba. Takan ce kwano ya kurmance ke nan. Ba ta da ma'auni sai ido, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta saƙa masa ragaya ta kaba, a zura shi har ƙasa, a riƙa girgiza igiyar a hankali don ruwan ya motsa, a bar shi gwargwadon dakan fura, sannan a jawo. In ya fito kore, a sauka. In ya fito da ja, ba mai sauka sai an yi wa rijiyar fifita da tabarma ko rassan itace, an sake gwadawa.

Masu yasa sun yi mata dariya da farko. Taubashi kansa yakan ce, "Inna za ta ba aljannu soborodo su sha." Nakan ce masa, "Bawana, yi shiru, kai da kwano ya hi ka hankali." Sai wata rana a wata rijiya kwano ya fito ja alhali fitila tana ci. Aka yi gardama, aka ɗaure kaza aka zura, ta fito kai a langaɓe. Daga nan dariya ta ragu. Ba wai sun bar tofi da layunsu ba ne, ita ma ba ta ce su bari ba. Sun dai ƙara da kwano, har makiyaya suka riƙa aikowa daga nesa a zo da tsohuwa mai soborodo. Ta je, a kan jaki, ba ta taɓa cewa nisa ya yi yawa ba.

A kan haka suka yi faɗa da Baba. Shi a ganinsa abin kunya ne yayarsa, mace mai shekaru, ta riƙa bin maza bakin rijiya gari-gari. Ya same ta a tsakar gida ya ce mutane suna magana. Ta ce, "Su mutanen, ran da anka hiddo mijina mi sunka yi? Magana sunka yi. Kai kau na goye ka ga bayana, ba kai za ka gwada min inda za ni taka ba." Baba ya fita yana huci. Suka daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su, sai da aka yi masa haihuwa ta zo da tukunyar kunun kanwa a kai, ta ajiye, aka wuce wurin.

Akwai kuma maganar da ta yi wa ɗanta a gaban abokan aikinsa, ina wurin. Ta ga yana gaggawa ba ya son jiran kwano, sai ta kama igiyar da ke ƙugunsa ta ce, "Ji nan. In kas shiga rijiya kwano na ja, ban yahe maka nonon da kas sha ba." Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin wannan magana. Taubashi mai barkwanci ne, amma ranar bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Inna." Kuma ya riƙe, shekara da shekaru bai saɓa ba.

Sai shekarun fari suka zo. Ba sai na ba wanda ya gani labari ba. Damina ta yi ƙaranci, ta sake yin ƙaranci, rumbuna suka zama fanko. Makiyaya suka gangaro daga arewa da ragowar dabbobinsu, wasu ba ko akuya. Da bazara ta tsananta rijiyar ƙauyenmu ta ƙafe, guga na fitowa da laka. Mata suna fita tun asuba zuwa wani ƙauye, su dawo rana tsaka da rabin tulu, wani lokaci a kore su don can ma ba ya isarsu. Yara suka fara zawo saboda ruwan da ake samowa. Ɗan Taubashi na goye yana cikinsu. Ajina ya watse, iyaye sun tafi da yaransu kudu, sai na dawo gida na zauna.

Magani ɗaya ne, a sauka a ƙara wa rijiyar zurfi. Duk garin kuma an san ba wanda ya kai Taubashi iya wannan aiki.

Gwaggo ta haɗa kwano aka zura, ya fito ja kamar ba a taɓa sa masa toka ba. Aka yi fifita yini guda, washegari ya sake fitowa ja. Aka ƙara, haka. Rijiyar tsohuwa ce mai zurfi, ƙasanta cike da ruɓaɓɓen ganye da duk abin da ya faɗa ciki shekara da shekaru, iskar tana taruwa fiye da yadda ake korar ta. Na ce a nemo farar ƙasa daga Malbaza a kwaɓa a zuba, tana shanye irin wannan iska. Aka tura mutum, amma jakuna sun rame, ba a san ranar dawowarsa ba.

Mutane suka fara gunaguni. Na ji da kunnena wata mata tana cewa tsohuwa ta hana gari ruwa saboda ruwan soborodo. Wani ya ce ai kakanninmu da fitila suka haƙa rijiyar, ba su san kwano ba. Aka zura fitila, ta ci. Ba wanda ya tunkari Gwaggo, sun san bakinta. Taubashi suke tarewa a hanya, su ce masa yaya dai, kai muke jira. Ya koma gida ya tarar da matarsa rungume da yaro idanu sun faɗa. Na gan shi a kwanakin nan ya daina wasa. Na tsokane shi da bawana, ya dube ni kawai ya ce, "Mushe, kai da ka yi karatu, hwaɗa min. Uwa ta hana, ɗa na mutuwa. Wane za a bi?"

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, rabin gari na tsaye a bakin rijiya. Gwaggo ta haɗa kwanonta a gindin bagaruwa kamar kullum. Taubashi ya karɓa ya kai bakin rijiya, ya sa a ragaya da hannunsa, aka zura. Aka jira, aka jawo. Kore.

Wata mata ta yi guɗa. Gwaggo ta leƙa kwanon, ta sake leƙawa, ta ce, "To. Allah shi kiyaye. Sauka da albarkata." Ya tuɓe rigarsa ya miƙa mata ta riƙe, ya ɗaura igiya, ya yi bisimilla, muka ga kansa ya ɓace.

Gwaggo tana da al'adar da ba ta fasawa. In an gama gwaji takan hura kwanon da karanta kafin ta zubar, don ta tabbata yana ji. Ta koma gindin bagaruwa ta tsoma kara ta hura. Ina kusa da ita. Ta hura, ruwan na ɓulɓuli, kore. Ta ja numfashi ta sake hurawa har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Bai ko dushe ba. Ta ɗago ta dube ni, ban taɓa ganin irin wannan kallo a fuskar mutum ba.

"Ya kurmance," ta ce. Sai ta zabura da ihu, "Ku ja shi! Ku ja shi!"

Aka ja, igiya ta taho ba nauyi. Ya riga ya kwance ta ya ɗaura wa guga don a fara fitar da laka, kamar yadda suke yi. Aka ƙwala masa kira, shiru. Maza suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon kowa. Ni da karatuna na san sunan iskar da Faransanci, na san abin da take yi wa mutum a daidai wannan lokacin, kuma ba abin da na iya sai riƙe Gwaggo don kada ta faɗa ciki. Tsohon mai yasa ne ya ɗaura igiya ya cika ƙirjinsa da iska ya sauka. Ya ɗaure Taubashi, aka jawo su biyun, shi ma tsohon sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Wannan alheri nasa ban manta ba, shi ya sa a wurin makoki na iya haɗiye fushina.

Taubashi yana numfashi. Muka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, muka sami mota zuwa likita a Konni. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya buɗe ido ya gane uwarsa, ya gane abinci, shi ke nan. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce ƙwaƙwalwa ta daɗe ba iska, ba su da maganin wannan, a kai shi gida a yi addu'a. An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi wurin masu magani har cikin Najeriya. Ya tashi yana tafiya, yana cin abinci da kansa, yana faɗin kalma ɗaya biyu. Mutumin da muka sani dai bai fito daga rijiyar nan ba.

Farar ƙasa ta iso bayan 'yan kwanaki. Aka zuba, aka yi fifita, wasu suka sauka suka ƙara zurfi, ruwa ya fito. Yaron goye ya warke. Matar Taubashi ta zauna iya zamanta, daga baya danginta suka zo suka tafi da ita, ba wanda ya ga laifinta. Gwaggo ta sha ruwan rijiyar nan har ƙarshen ranta, ta yi wa ɗanta wanka da shi, don babu wani.

Gari ya yanke hukunci cewa kwano ya yi ƙarya. Wasu suka ce tsufa ne, hannunta ya zarce da toka. Masu yasa suka koma wa fitilarsu. Abin da ya fi ba ni mamaki, Gwaggo mai bakin nan ba ta kare kanta ba ko sau ɗaya. In an yi zancen sai ta tashi ta ba da wuri. Na sha ce mata, Gwaggo, hannunki bai taɓa zarcewa ba, yaya aka yi? Sai ta miƙo mini wake ta ce ɓare. Ta daina zuwa bakin rijiyar kowa. Ta koma rainon ƙato mai gemu, ta ba shi fura a ludayi, ta kore masa yaran da ke tsokanarsa, ta bi shi in ya ɓace a gonaki. Ina zuwa daga Illela da sabulu da sukari in ajiye, in zauna, in tashi. Iyakar abin da na iya ke nan, kuma yana ci mini rai.

A hutun da ya wuce na tarar da ita a kwance, ƙafafu sun kumbura. Ana gobe zan koma, da la'asar, ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin sai ni.

"Mushe, ka tuna ya ba ni rigatai in riƙe?"

Na ce na tuna.

"Da munka dawo Konni nid ɗauke ta in wanke. Cikin aljihu nis sami ƙullin kanwa daƙaƙƙa, an buɗe shi." Ta tsaya ta huta. "Shi yas sa ma kwano da hannunai. Ya san in ta yi yawa ba shi sakewa, gabanai nika haɗawa tun farko. Ba shi iya shiga kwano na ja, na ɗaure shi da bakina. Ba shi kau iya kallon ɗanai na mutuwa. Sai yas sa kwano ya yi kore, don in sa mishi albarka."

Na ce, to me ya sa kika bari ana zaginki duk shekarun nan?

"In ce mi? In ce ɗana ya yaudari uwatai? Su ce alhakina na yak kama shi? Gara su ce tsohuwa ta ruɗe." Ta kama hannuna. "Amma in na tahi ka hwaɗa ma masu yasa. Ɗiyan mutane na sauka da hitila. Ka ce musu kwano bai yi ƙarya ba, su koma mishi, kuma wanda za ya sauka kada shi taɓa shi."

Na faɗa musu bayan addu'ar bakwai. Tsohon mai yasa ya saurara, hawaye na bin gemunsa. Samarin cikinsu suka ce sun ji. Ko za su yi, ban sani ba, ba kuma ni da ikon sa su.

Amma ranar nan a ɗakin ba ta gama ba. Ta ce in shigo mata da ɗanta. Na fita na same shi a inuwar rumbu, na riƙo hannunsa, ya biyo ni ba musu. Na zaunar da shi a bakin gadon. Ta ce mini tun ranar da ta ga ƙullin nan ta yafe masa a zuciyarta, amma tana ta jiran hankalinsa ya dawo ko na yini ɗaya, don shi a saninsa ya sauka da fushin uwa a kansa, tana so ya ji da kunnensa cewa babu. Ta ce yanzu jiran ya ƙare mata.

Ta ɗaga hannu da ƙyar ta kama gemunsa, ta juyo da fuskarsa gare ta.

"Dube ni. Inna ta. Maganar da niy yi maka bakin rijiya, na janye ta. Nonon da kas sha halal na. Na yahe maka duniya da lahira. Ka ji?"

Ya yi mata murmushi, irin wanda yake yi wa kowa.

"Ka ji ni? Ce ka ji."

Ya dubi bakinta, ya dube ni, ya dubi ƙofa. Sannan ya ce, "Inna, hura."

Ta sake shi, hannunta ya koma kan gado. Ta ce, "Dama mishi, Mushe. Tana cikin ƙwarya." Na dama masa furar, ya sha, ita kuma ta juya fuskarta wajen bango.

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yalwata mata kabarinta, ka ba ta ladan abin da ta ɗauka ta yi shiru. Ran da ka haɗa ta da ɗanta, ka mayar masa da hankalinsa, ya ji abin da ta faɗa masa.